Tambaya da Amsa: Yaya Zan Kai Tayoyin Tsere Fili da Motar da Ba Ta da Wurin Kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Ingila, kuma ina da Mazda MX-5 mai kujera biyu wadda nake shiga filin tsere na Silverstone da ita a ranakun da ake buɗe wa masu motocin kansu. Na sayi wili huɗu da tayoyin tsere, sai dai but ɗin motar ko guda ɗaya ba ya ɗauka da kyau. Na ga hotunan mutanen Amurka suna jan ƙaramar tirela da irin motata. Shin in yi haka, ko in jibga biyu a kujerar fasinja, abokina ya ɗauki biyu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. But ɗin MX-5 na zamani bai wuce lita 130 ba, kuma ba a ƙera shi da niyyar ɗaukar taya ba, don haka matsalarka matsalar duk mai irin wannan mota ce. Bari in fara da tirelar, tunda ita ce ta fi jan hankalinka.

Abin da ka gani a Amurka gaskiya ne. Can masu wannan mota sukan ɗaura ƙugiyar ja a bayanta, su sayi 'yar tirela mai taya biyu, su jera wili huɗu a tsaye, su zura ƙarfe ta tsakiyarsu su kulle, sannan su ɗora akwatin kayan aiki a gaba. Amma dokar Ingila daban ce. Ka buɗe ƙofa ko bonet ka nemi ɗan faifan da ke ɗauke da lambar jikin mota. A kansa akwai jerin nauye-nauye, kuma layi na biyu shi ne jimillar nauyin mota da abin da aka yarda ta ja. Idan wurin fanko ne, to kamfanin bai amince motar ta ja komai ba, kuma haka MX-5 na zamani da ake sayarwa a Turai suke. Bugu da ƙari, duk motar da aka fara yi wa rajista daga 1 ga Agusta 1998, dole ƙugiyar da za a saka mata ta kasance mai shaidar amincewa ta hukuma. Wanda ya sa mai walda ya haɗa masa ƙugiya ya hau titi, ranar da aka yi haɗari kamfanin inshora zai iya juya masa baya, kuma wannan asarar ta fi kuɗin tayoyin nesa ba kusa ba. Saboda haka ban ba ka shawarar tirela da wannan motar ba.

Kujerar fasinja ita ce ta fi tayar min da hankali, domin ita mutane suka fi rainawa. Wili mai inci 17 da tayarsa yakan kai kilo 18 zuwa 20. A karo mai ƙarfi, inda mota ta tsaya cak cikin ƙiftawar ido, kaya yakan yi nauyi ninki ashirin ko fiye, wato wili ɗaya ya koma kamar kilo 400, kuma yana dab da kafaɗarka. Ko ba a yi karo ba, birki mai ƙarfi ya isa ya gangaro da shi kan sandar giya, ko ya tare maka madubin gefe a daidai lokacin da kake son sauya hannu. Bel ɗin kujera an yi shi ne domin jikin mutum, ba ya riƙe abu mai zagaye yadda ya kamata. 'Yar kariyar ɗaukar kaya da ake ɗaurawa a kan murfin but kuwa, ta jakar tufafi ce.

Abin da na fi gamsuwa da shi a halinka shi ne ka ɗaura tayoyin a gida ka tuƙa su zuwa fili, muddin irin waɗanda doka ta yarda a hau titi da su ne, kamar Toyo R888R ko Michelin Pilot Sport Cup 2, masu alamar E ta amincewar hukuma a gefe. Sharaɗi biyu ne. Na farko ruwan sama: zanen waɗannan tayoyi kaɗan ne, ba sa korar ruwa sosai, kuma da sanyin safiya ba sa kama ƙasa sai sun ɗumama, don haka ka rage gudu ka bar tazara. Na biyu dawowa gida: dokar Ingila ta ce zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, kuma tarar takan kai fam 2,500 da makin laifi 3 a lasisi kan kowace taya. Ka riƙe ɗan ma'aunin zane a aljihu, ka auna da rana tsaka, ka daina zagaye tun da sauran abin komawa. Kada kuma ka manta ka mayar da iskar da ka rage a fili kafin ka kama hanya.

Idan kuwa tayoyin naka sumul ne marasa zane, ba su da hurumin hawa titi, sai abokinka ya ɗauki duka huɗun a mota mai faɗin baya, a kwantar da su, a ɗaure da igiyar kaya mai makulli a jikin ƙugiyoyin daben motar. Kai kuma ka riƙe jak da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ka sake bin notuna bayan zagayen farko. In wata rana ka yi niyyar sauya mota, ka duba Toyota GT86 da Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, domin an tsara bayansu yadda zai ɗauki tayoyi huɗu idan an kwantar da kujerun baya.

Tambaya: Malam, ni a Jamus nake, ina da Porsche 911. Zan iya ɗora wili huɗu a kan kariyar rufi in tafi filin tsere na Nürburgring?

Amsa: Huɗu sun yi yawa. Iyakar da Porsche ta sa wa rufin 911 kilo 75 ce, har da nauyin kariyar kanta, alhali wili huɗu masu inci 20 da tayoyinsu sukan tasam ma kilo 100. Biyu za su hau, a kwance, kowanne da igiya biyu da aka zura ta cikin wilin, kuma ka tsaya bayan 'yar tafiya ka sake matse su, domin iska takan sassauta ɗauri. Nauyi a sama yana sa mota karkata a kwana, sai ka tuƙa a hankali. Sauran biyun, na gaba waɗanda suka fi siranta, za su iya shiga bayan kujeru in an kwantar da na baya an kuma ɗaure su, domin sashe na 22 na dokar hanya ta Jamus ya wajabta a ɗaure kaya yadda ba zai motsa ba ko an taka birki da ƙarfi. Ka kuma sani cewa a ranakun da ake buɗe Nordschleife, wato zagayen arewa na Nürburgring mai tsawon kilomita 20.8, ga jama'a, dokar titi ce ke aiki, ba a yarda da taya sumul ba, don haka a irin wannan rana tayoyin da ka taho da su a jikin mota sun wadatar.