Tambayi Likita: Dankalin turawa a firiza da maganar ɗumame

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ma'aikaciya ce, ranar Asabar nake dafa dankalin turawa da yawa in murƙushe shi da bota da madara in sa a firiza saboda yarona ɗan wata takwas, akwai matsala?

Amsa: Hajiya babu matsala in dai kin kula da lokacin da dankalin yake ɗauka a waje kafin ya shiga sanyi. Firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai take yi, da abincin ya narke su ci gaba daga inda suka tsaya. Kar ya wuce awa 2 a waje bayan kin sauke, in kuma ana zafin nan da ya haura digiri 32 irin na watan Afrilu, to awa 1. Ki rarraba shi a ƙananan robobi masu murfi, kowace cin sau ɗaya, don in kika tula shi a babbar roba gefe zai yi sanyi tsakiya na nan da ɗumi. Ki ƙarar da shi cikin wata ɗaya zuwa biyu. Na yaron kar ki sa gishiri ko dunƙule, zuma kuma sai ya cika shekara.

Tambaya: Unguwarmu ana yawan ɗauke wuta, wani lokacin sai na buɗe in ga ya narke, in wuta ta dawo ya sake daskarewa. Tunda ba ya wari ai in na ɗumama shikenan ko?

Amsa: 'Yar'uwa wannan ce ta fi damuna. Hanci ba ya gano komai a nan. Akwai ƙwaya mai suna Bacillus cereus da ke son abinci mai sitaci irin shinkafa da dankali, in ta samu ɗumi tana zuba guba a ciki, gubar kuma tafasa ba ta kashe ta, sai ki ga yaro ya kama amai cikin 'yan awowi alhali abincin da zafinsa ya ci. Firiza a cike in ba a buɗe ta ba tana riƙe sanyi kusan awa 48, in rabi ce awa 24, firij kuwa awa 4 kacal. Ki taɓa robar tun kafin wuta ta dawo, in da sauran ƙanƙara a jiki ba komai, in ya narke lugub sanyin ya fita, don Allah ki zubar ko da ya sake daskarewa. Na san dankali ya yi tsada, amma kwanciya asibiti ta fi shi.

Tambaya: In na ɗumama sai ya tsinke ya yi ruwa.

Amsa: Ƙanƙara ce ta raba ruwan da sitacin, ba lalacewa ba ce. Ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan kina juyawa, ki ƙara bota, zai haɗe. Ya yi zafi har tsakiya yana tururi, wajen digiri 75, sannan ki bari ya huce kafin ki ba yaro. Ɗumame sau ɗaya ne, abin da ya rage ba ya komawa firiza.

Tambaya: Maigidana na da ciwon suga, an ce dankalin da ya kwana a firij ba ya tayar da suga.

Amsa: Da ɗan gaskiya, sanyi yana mayar da wani ɓangare na sitacin ya yi wuyar narkewa a hanji, amma bambancin bai kai ya saki jiki ba, murƙusasshen dankali ma yana saurin tayar da suga. Ki zuba masa kaɗan da ganye da kifi ko wake, ya gwada sugansa awa 2 bayan ya ci.