Zan iya barin kamfanin da ya ɗauki nauyin bizata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfani ne ya yi min biza ya kawo ni aiki ƙasar waje, yanzu wata tara kenan, albashi sai an ga dama ake biya. Na samu wani wajen da ya fi, shin in na ajiye aikin nan takardar zamata za ta ci gaba da aiki?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Don Allah kar ka ajiye aikin nan tukuna, saboda a irin wannan bizar izinin aiki da izinin zama duk a jikin sunan kamfanin suke rataye, ranar da ka fita daga hannunsu ranar kwanakinka za su fara ƙirguwa, ko da kwanan watan da ke jikin katinka bai cika ba. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa matsala, mutum ya duba kati ya ga saura shekara biyu sai ya saki jiki.

Ba ka faɗi ƙasar ba, to amma in Saudiyya ce, tun watan Maris na 2021 aka sassauta tsarin kafil, wato mai ɗaukar nauyin ma'aikaci, ma'aikacin kamfani zai iya komawa wani wajen ba sai da yardar kafil ɗinsa ba in ya cika shekara ɗaya, kuma ta manhajar Qiwa ake yi, sabon kamfanin ne zai turo maka tayi ka amsa. Kai da kake wata tara, abin da zai taimake ka shi ne in an yi wata uku a jere ba a biya ka ba, ko igamarka, wato katin izinin zamanka, ta ƙare ba su sabunta ba, to ba sai ka jira shekarar ba. Masu aikin gida da direbobin gida wannan sassaucin bai shafe su ba, nasu tsarin daban ne. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka daina zuwa aiki haka kawai su rubuta maka hurub, wato su kai rahoton cewa ka gudu daga aiki, wallahi fita daga wannan ba ƙaramin wahala ba ne.

In kuma Birtaniya ce, dole kamfanin ya sanar da ofishin harkokin cikin gida cewa ka tafi, su kuma yawanci su rage bizar zuwa kwana 60, kuma sabon wajen sai yana da lasisin ɗaukar nauyi, ya ba ka sabuwar shaidar ɗaukar nauyi ka sake neman biza, sai ta fito sannan ka fara aiki da su. Amurka ma masu bizar aiki ta H-1B kwana 60 ne iyaka bayan sun bar aikin.

Yanzu dai ka ciro bayanan asusunka na banki na watannin nan tara, ka haɗa da kwantiragin da ka sa wa hannu da saƙonnin da ka tura kana neman albashi, su ne hujjarka a ofishin ƙwadago. Fasfo ɗinka kuma ya zama a hannunka yake. Ka turo min sunan ƙasar da irin aikin da aka rubuta a katinka.