Amsar tambayar Kawu kan bikin giyar Munich

Kawu, barkanku da war haka. Na saurari saƙon muryarku har sau biyu, na kuma kalli bidiyon da kuka turo na Turawa sun hau kan bencina suna waƙa, kowa da ƙaton kofi a hannu. Kun tambaya ko abin da gaske ne, da kuma yadda muke zama da shi. Ba haɗin kwamfuta ba ne, a garin nan da nake zaune, Munich ta ƙasar Jamus, ake yin sa. Kuma na gane damuwarku, tun da kun rufe da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Duniya ta san shi da Oktoberfest, amma ɗan gari "Wiesn" kawai yake cewa, wato filin ciyawa. Asalinsa bikin aure ne. A ranar 12 ga Oktoban 1810 Yarima Ludwig na Bavariya ya auri Gimbiya Therese, aka gayyaci talakawa, aka yi sukuwar dawaki a bayan gari. Abin ya yi musu daɗi suka mai da shi na shekara-shekara, har yau filin sunan amaryar yake ɗauke da shi. Daga baya suka jawo shi cikin Satumba don gudun sanyi, yanzu a farkon Oktoba ake tashi, bayan kwana 16 zuwa 18. A 2023 mutum miliyan 7.2 suka halarta, alhali mutanen garin ba su wuce miliyan ɗaya da rabi da wani abin kirki ba.

Ranar buɗewa, da kun gani da kun ce hawan Daushe ne. Ingarmun dawaki sun sha ado suna jan amalanke cike da gangunan giya, makaɗa na gaba, maza sanye da gajeren wando na fata kamar walkin maƙera. Sha biyun rana daidai magajin gari zai ɗauki gudumar katako ya buga famfo a jikin gangar farko, jama'a na ƙirga bugun, don abin gori ne a ce ya yi da yawa. Kafin nan ba a zuba wa kowa. Kamfanoni shida na cikin gari kaɗai ke da izinin sayarwa, kuma suna tinƙaho da dokarsu ta 1516 wadda ta ƙayyade abin da ake dafa giya da shi. Kofi ɗaya lita guda ne, a 'yan shekarun nan kusan Yuro 15.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in fahimta shi ne, mashaya a wurinsu ba lungu ba ce da ake shiga ana waige-waige. Ita ce majalisarsu. Maƙwabcina wani tsoho ne da matarsa ta rasu, duk Alhamis yana da kujerarsa a wani teburi a mashayar unguwa tare da tsaransa, baƙo ba ya zama a wurin sai an ce masa bismilla. Ran da bai je ba sai da suka zo suka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Na tuna teburin mai shayin ƙofar gidanmu, inda in ba a ga Kawu bayan isha'i ba sai a aiko yaro. Amma kada in yi wa abin kwalliya. Ku je filin da dare ku ga manya da furfurarsu suna tangaɗi, akwai ma wani tudu bayan manyan rumfunan da ake shan giyar a ciki, wanda ya yi suna wajen amai da kwanan 'yan maye. Har wuri na musamman aka ware inda mace za ta fake in an matsa mata.

To mu Musulmin da ke zaune a nan fa? Ba a taru an zama ɗaya ba. Akwai masu sauya hanyar zuwa aiki gaba ɗaya har a watse. Akwai kuma waɗanda kakarsu ce ta yanke saƙa, direbobin tasi da masu gyaran ɗakunan otal, abin da suke samu a mako biyun nan yakan biya hayar watanni. Kan tasi ba a cika gardama ba, fasinja ka ɗauka ka kai shi gida. Inda ake kai ruwa rana shi ne wanke kofuna da ɗaukar su a cikin rumfa. Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya taɓa kawo maganar bayan sallar Juma'a, dattawanmu suka ce ya haƙura, aka nema masa aiki a gidan burodi. Kuɗin bai kai ba, ya yi ta ƙunƙuni, amma ya je.

Ni sau ɗaya na shiga rumfa. Wurin aikinmu ne suka kama teburi, na ji nauyin ƙi. Na ce a ba ni lemo, ba wanda ya ɗaga gira, aka yi ta gwara kofuna da nawa a ciki. Can wani na bayana ya tashi rawa ya sheƙa min rabin kofinsa a riga. Haƙuri kam ya ba ni har ya gaji, amma haka na hau jirgi ina wari, sai da na yi wanka na sauya kaya kafin in yi isha'i. Washegari na gaya wa shugabana ba zan ƙara ba, ya ce ba komai. Da gaske ba komai ɗin, sai dai na lura a irin teburin nan ake sabawa da manya, wanda ba ya zuwa yakan ji wasu labaran ofis a makare. Wannan ne kuɗin da muke biya, ba tilas ba, ba tsangwama ba.

Yaran kuwa ba za ka ɓoye musu ba, duk 'yan ajinsu zancen ke nan. Talata ce ranar iyali, ana rage kuɗin lilo, sai mu je da hantsi mu tsaya a ɓangaren wasanni, mu bar wurin kafin la'asar. Gasasshiyar kazar da ƙamshinta ya cika filin ba ma ci, ba yankanmu ba ne, balle ƙafar alade. Kifin da suke gasawa a tsinke kamar tsire muke saya. Bara ƙaramin ya kafe sai an saya masa wandon fatar nan, uwarsa ta ce to, amma da hular da kuka aiko masa zai sa. Hoton na nan tafe, ku nuna wa Gwaggo, ku kuma gaishe min da ita.