Aron ƙuru don yaro mai koyon hawa

Wani manomi daga Mirriya ya aiko da tambaya. Ɗansa mai shekara 7 ya ga hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, tun ranar kuma ba shi da zance sai doki. Kawun yaron, a can unguwar gaba, yana da ƙuru, ya ce a zo a ɗauka aro har bayan kaka. Shin ya ɗauko ya ɗaure a gida?

Malam, shawarata ka bar dokin a turkensa, yaron ya riƙa zuwa wajen kawunsa da la'asar. Ƙuru ƙaramin doki ne, amma ɗawainiyarsa ba ƙarama ba ce. Kullum yana bukatar busasshiyar ciyawa da harawa da suka kai wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, ruwa kuwa daga lita 20 zuwa sama, lokacin bazara ma fiye da haka nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne canjin ci. Dokin da ya saba da harawa da ɗan dusa, ya faɗo gidan manomi da rumbu cike, yara suna zuba masa gero don ƙauna, cikin kwana biyu sai ka tarar yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. Ciwon ciki ke nan, kuma yana kashe doki cikin dare ɗaya. In bai kai ga haka ba, yawan hatsi na sauka a kofato, doki ya riƙa takawa da ƙyar. In dai dole sai ka kawo shi gida, ka karɓo irin abincin da ya saba, duk wani canji a yi shi sannu-sannu cikin kwana 7 zuwa 10. Kuma kada ka haɗa shi kwano ɗaya da jakinka a makon farko. Ba mu manta da murar da ta yi wa jakuna ɓarna a nan Nijar a 2019 ba.

Manomin ya kuma tambaya yadda zai gane ko dokin ya dace da yaro.

Ƙanƙantar jiki ba ta nuna hali. Akwai ƙuru mai cizo da harbi fiye da ingarma. Kada kuma a ruɗe ku da zancen a ba yaro dukushi su tashi tare: wanda bai iya ba a kan wanda bai horu ba, karaya ce ke jira. A nemi wanda ya manyanta, daga shekara 8 zuwa sama, goɗiya mai sanyin hali ko dokin da aka fiɗiye. Ka buɗe bakinsa. In har akwai sauran haƙoran nono a gaba, bai kai shekara 5 ba. Ka sa babba ya hau a gabanka, ya bi da shi inda babura ke wucewa, ka ga yadda yake yi da kunnuwansa. Ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi a taɓa masa ƙafa, ba na yaro ba ne. Ka shafa bayansa inda sirdi ke zama, in akwai gyambo ko ya lanƙwashe don zafi, a bari ya warke.

Wata Hajiya daga Zongo ta ce jikanta ya fara hawa da sirdin kakansa, ko akwai laifi?

Akwai, Hajiya. Babban haɗari shi ne likkafa. Ƙafar yaro na iya zurmawa ciki gaba ɗaya, in ya faɗo doki ya ja shi a ƙasa. A farko a cire likkafar sam, a shimfiɗa masa jalala a ɗaure da majayi, babba na riƙe da ragama yana tafiya a gefe, a fili mai rairayi. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai a bakin doki, hannun yaro kuwa fizga ya sani, saboda haka ragama ta ishe shi har ya iya zama daram. A sa masa hular kwano daidai kansa, a ɗaure igiyar. Minti 15 zuwa 20 sun isa a rana. Sukuwa sai gaba.

Tambayar da ta fi yawa ita ce: in dokin aro ya mutu ko ya gurgunce, wa ke biya?

A nan zumunci ke lalacewa, don mutanenmu suna jin kunyar yin maganar tun farko. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ari dabba ba ya biyan ta in ta mutu ba tare da sakaci ko wuce iyaka ba. To amma mene ne iyakar? In an ba ka don yaro, kai kuma ka ɗaura masa amalanke ka ɗebo karan dawa, ko yayyensa suka fita tsere da shi, ka wuce. Shi ya sa nake so ku zauna gaban shaidu biyu, ku faɗi ranar mayarwa, wa zai hau, wa ke ciyarwa, wa ke biyan kuɗin magani da yankan kofato duk bayan sati 6 zuwa 8. In goɗiya ce, a faɗi na wa ne ɗan da za ta haifa. Fulani da ke habbanaye, wato al'adarsu ta ba da aron saniya, sun daɗe da sanin wannan, ba sa ba da saniya sai kowa ya san rabonsa. Ku rubuta a takarda, ku ɗauki hoton dokin da waya ta kowane gefe ranar da ya bar gida. In da hali, ma'aikacin kiwo ya duba shi, ya ba shi maganin tsutsar ciki kafin ya taka ƙofar gidanku.