Tambayi Likita: Hawan jini ba ya sallama kafin ya shiga gida

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan makon mafi yawansu kan hawan jini ne, shi ya sa na zaɓi shida na haɗa su wuri guda. Na taƙaita masu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi cikin garin Gombe, shekarata 52. Bara aka auna ni aka ce jinina ya kai 170 bisa 100, aka ɗora ni kan amlodipine. Na sha wata uku, da na koma aka ce ya sauka zuwa 130 bisa 80, sai na ajiye maganin tunda na warke. Yau wata biyar ke nan ko ciwon kai ba na yi. Kuma wani abokina ya ce yawan shan maganin nan yana kashe ƙoda. Na yi daidai?

Amsa: Alhaji, ba ka yi daidai ba, kuma ina roƙonka ka je a auna ka cikin makon nan, kada ka jira sai kasuwa ta lafa. Wancan 130 bisa 80 da aka gani aikin maganin ne. Ka dubi madatsar ruwa ta Dadin Kowa: ƙasar da ke bayan madatsar a bushe take saboda an tare ruwan, amma ruwan yana nan da ƙarfinsa. Haka maganin yake riƙe jinin, ranar da ka ajiye shi ka buɗe ƙofa. Mafi yawan masu wannan larura za su sha magani ne iya rayuwarsu, ko da yake likita kan iya rage shi idan mutum ya rage ƙiba ya gyara cin abinci.

Rashin ciwon kai kuwa ba shaida ba ce. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu, shekara da shekaru, alhali jinin yana dukan ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ido da na ƙoda, zuciya kuma tana kauri saboda wahalar turawa. Maganar da na fi ji daga bakin iyalai a ɗakin gaggawa ita ce, "Likita, jiya lafiyarsa ƙalau ya kwanta." Har yau idan na ji ta sai raina ya sosu, domin sau da yawa a aljihun mutumin ko a kan tagarsa akwai ragowar maganin da ya daina sha.

Zancen ƙoda abokinka ya juya shi. Hawan jinin da ba a kula da shi ba, tare da ciwon suga, su ne manyan abubuwan da ke kai mutane ga wankin ƙoda. Abin da ke jawo wannan jita-jita shi ne wasu ba sa fara magani sai ƙodar ta riga ta taɓu, to idan ta gaza sai dangi su ɗora wa ƙwayar laifi. Idan ƙodarka kake tausayi, ka guji yawan shan diclofenac da ibuprofen da haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, domin suna ɗaga jini suna kuma cutar da ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Maganin da aka ba ka zaɓi ne mai kyau. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin wani likitan zuciya na Jami'ar Abuja, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Yakan kumbura wa wasu ƙafa, kamar yadda lisinopril kan sa wasu busasshen tari. Akwai kuma magidantan da ke daina magani a ɓoye saboda sun ga rauni a harkar iyali. Duk waɗannan a faɗa wa likita ba kunya, magungunan suna da yawa, ana canzawa. Idan kuɗi ne matsalar, ka tambayi yadda ake shiga GoHealth, tsarin inshorar lafiya na jihar Gombe.

Tambaya: Likita, daga Kumo nake. An ce maigidana ya rage gishiri, sai na koma yi masa tukunyarsa daban ba gishiri ko kaɗan, ina ƙara dunƙule don ta yi ɗanɗano. Yanzu ya fara ƙin cin abincin gida. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, uwargida. Ke ce babbar ma'aikaciyar jinyarsa, domin mu a wata sau ɗaya muke ganinsa, ke kuwa sau uku a rana abin da kika dafa yake shiga jikinsa. Sai dai akwai gyara. Dunƙulen da kike ƙarawa, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, kin kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin biredi da yaji da kilishi da tsire da garin taliyar leda.

Akwai wani da mutanenmu ba sa lissafawa, shi ne kanwa. Sinadarin da ke cikin gishiri yake ɗaga jini, wato sodiyam, yana nan cikin kanwa. Don haka a miyar kuka da kuɓewa ki rage ta sosai, wake kuma ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba sai da ita ba.

Shawarata ki daina raba tukunya. Namijin da aka ware wa kwano marar ɗanɗano a gaban 'ya'yansa, ƙarshenta wajen mai tsire zai nufa, can kuwa ba mai auna masa yaji. Ki rage wa gidan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan: inda kike sa dunƙule huɗu ki koma uku, bayan mako biyu ki koma biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro su cike gurbin. Yaran ma riba ce gare su, domin hawan jini yana bin dangi.

Ki yawaita ganye, zogale da rama da alayyafo da yakuwa, da wake da dankalin Hausa, da ayaba ko gwanda ko kankana idan an samu. Suna ɗauke da sinadarin fotashiyam mai taimakawa wajen saukar da jini. Amma idan an taɓa ce masa ƙodarsa ta yi rauni, a tambayi likitansa kafin a yawaita su. Mai da soye-soye a sassauta. Idan yana da teɓa, kowane kilo ɗaya da ya rage yakan saukar da lambar sama ta awon jini da kimanin maki ɗaya.

Tambaya: Gaskiya ne zoɓo da tafarnuwa suna maganin hawan jini? Daga wani matashi a Bolari.

Amsa: Ɗana, zoɓo an gwada shi, yana ɗan saukar da jini kaɗan, amma bai isa ya maye gurbin ƙwaya ba, kuma wanda ake sayarwa a gora cike yake da sukari. A sha marar sukari tare da magani, a sanar da likita. Tafarnuwa a miya ba laifi. Tunda matashi ne kai, abin da na fi ji maka shi ne sigari da shisha da lemukan ƙara kuzari da ake sha don a kwana aiki. A wajen dattawa kuma yawan cin goro.

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama sanadin hawan jini. An sallame mu daga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, mun dawo gida Bajoga. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, ni ke jinyarta. Me ya kamata in kula da shi?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Abu na farko kwanciya. Idan ba ta iya juya kanta, a juya ta duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin hannun da ya shanye. Kullum wajen wanka ki duba ƙugunta da dugadugai da kafaɗu. Jan tabon da bai ɓace ba bayan an juya ta, farkon gyambon kwanciya ke nan, kuma hana shi ya fi warkar da shi sauƙi nesa ba kusa ba. Shimfiɗa ta kasance a bushe, ba tattara.

Abinci kada a ba ta a kwance, ko da ruwa ne. A zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, bayan ta gama ta zauna rabin awa. Idan tana ƙwarewa ko muryarta ta koma kamar mai kurkure ruwa, a tsaya a koma asibiti, domin abinci na iya zarcewa huhu ya jawo ciwon da ya fi shanyewar haɗari. Kunu mai ɗan kauri ya fi tsararon ruwa sauƙin haɗiya ga irinsu. A goge mata baki safe da dare.

Kada a ja ta da hannun da ya shanye wajen ɗagawa, kafaɗar na iya gocewa. A riƙa lanƙwasa mata gaɓoɓi a miƙe a hankali sau biyu ko uku a yini yadda masu gashin ƙashi suka nuna, kuma kada a fasa zuwa wajensu, domin watannin farko su ne jiki ya fi karɓar gyara. Na sha ganin an kai irin Mama wajen masu tsaga ko an gasa ɓarin da ruwan zafi, alhali wurin ba ya ji sosai, sai ga ƙuna a kan larura. Addu'a a yi ta, amma maganin jinin kada a tsallake ko kwana ɗaya, domin wanda ta taɓa samu ta fi saurin dawo masa.

Ki riƙa yi mata hira ko da amsar ba ta fita. Masu shanyewar ɓarin dama sukan rasa magana, amma da yawansu suna gane abin da ake faɗa a kansu. Sannan ki tara 'yan'uwanki maza ku raba kwana da ɗawainiya. Ɗaga babba da juya shi cikin dare ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma idan kika kwanta ba wanda ya san Mama kamar ke.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai, ƙafafuna da fuskata sun kumbura, kaina na sarawa, wani lokaci ina ganin wuta-wuta. Surukata ta ce ruwan ciki ne, zai wuce. Daga Dukku.

Amsa: Ƙanwata, yau za ki je asibiti, ba gobe ba. Kumburin fuska da saran kai da ganin wuta-wuta bayan mako 20 na ciki alamu ne na hawan jinin masu juna biyu, wanda kan kai ga jijjiga ya halaka uwa da ɗa. Za a auna jininki da fitsarinki, akwai magungunan da suka dace da mai ciki da allurar da ke hana jijjiga. Kada ki sha na wani a gida, irin su lisinopril suna cutar da jariri. A nuna wa maigida da Inna wannan amsa. Bayan haihuwa ma a ci gaba da awo, a kuma yi hattara da kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego.

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne mai ritaya a Kaltungo. Ɗana ya sayo mini na'urar awo, amma duk lokacin da na auna lamba daban take ba ni. Ko ta lalace? Kuma a shekaruna wane motsa jiki zan iya?

Amsa: Baba, da wuya in ta lalace. Jini yana hawa yana sauka cikin yini, shi ya sa ba a ce mutum yana da hawan jini sai an samu 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu mabambanta. Ka yi fitsari tukuna, ka zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada ka sha shayi ko ka ci goro rabin awa kafin nan. Ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma dare. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. A gida ana so matsakaicin lambobin ya zauna ƙasa da 135 bisa 85. Idan ka ga 180 bisa 120, ka huta ka sake, in bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, a tafi asibiti nan take, kada a ɗura maka komai a baki.

Motsa jiki, tafiya da ɗan sauri ta wadatar, minti 30 sau biyar a mako. Ka fara da minti goma, da sassafe ko bayan la'asar saboda zafin rana, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, hawan dutse a bar wa yara. Ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da lambar da ka samu. Ranar ganin likita ka tafi da littafin da na'urar da dukkan ƙwayoyin da kake sha, a gwada na'urarka da ta asibiti a gani ko bakinsu ya zo ɗaya.