Tambaya da Amsa: Sauya ƙwayayen fitilar tabulo da na LED a tsohuwar mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tawa, kuma ina da tsohuwar Toyota Land Cruiser mai shan gazuwal wadda nake bin hanyar Konni da ita, wani lokaci har Yamai, galibi da dare. Hasken tabulo, wato allon agogunan da ke gaban direba, ya dushe ƙwarai, rabin agogon gudu ya yi duhu, agogon zafin inji kuwa sai na sunkuya kafin in ga inda allurarsa take. Wani mai gyaran wutar mota ya ba ni shawarar in cire dukkan ƙwayayen in sa na LED, ya ce sun fi haske kuma ba sa mutuwa. Amma wani abokina mai Mercedes 190 ya ce shi da ya yi haka batirinsa ya daina caji. Maganar wa zan ɗauka?
Mai karatu daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai mai gyaran ya wuce gona da iri da ya ce a cire ƙwayayen baki ɗaya. A bayan tabulo akwai ƙwayaye iri biyu waɗanda suka yi kama da juna a ido amma aikinsu ya bambanta. Na farko su ne masu haska fuskar agoguna idan ka kunna ƙananan fitilu, kuma waɗannan ba su da wani aiki sai bayar da haske, don haka kana iya sauya su hankali kwance. Na biyu su ne fitilun gargaɗi, irin su na batir, na man inji, na birki da na ƙarewar mai, kuma a cikinsu akwai waɗanda wutar da ƙwan yake ja ita kanta wani ɓangare ce na aikin motar.

Amfanin LED ga masu haska agoguna a fili yake. Tsohon ƙwai yana ba da haske ne ta hanyar ƙona siririyar waya har ta yi ja, kuma mafi yawan wutar da yake sha zafi take zama, shi ya sa idan an buɗe tabulon motar da ta shekara talatin a ranar ƙasar nan sai a tarar gilashin ƙwan ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi kuma ta gasu ta fara farfashewa. Girgizar hanya mai ramuka ma tana tsinka wannan siririyar waya, abin da LED ba shi da shi. Sai dai batun cewa ba ya mutuwa, wannan zancen mai sayarwa ne. Masu arha suna fara ƙyaftawa su mutu da wuri, musamman a tabulon da ya wuni a rana cikin watan Afrilu ko Mayu.

Abin da ya sami abokinka sananne ne. A tsofaffin motocin Turai da yawa, irin su Mercedes 190 da aka ƙera tsakanin 1982 da 1993, alternatar, wato na'urar da ke caja batir, ba ta iya fara haifar da wuta da kanta sai an ɗan ɗana mata wuta daga batir, kuma wannan ƴar wuta tana bi ne ta cikin ƙwan fitilar batir ɗin nan mai ja, ta isa wurin da aka rubuta D+ a jikin alternatar. Dalilin da ya sa fitilar take kamawa idan ka murɗa makulli ke nan, ta kuma mutu da zarar inji ya tashi caji ya kankama. Ƙwai mai wat 1.2 a kan volt 12 yana barin kusan amfa 0.1 ta wuce, mai wat 2 kuma ya fi haka, alhali ƙaramin LED yana iya tsayawa a amfa 0.02 ko ƙasa da haka. Wannan ba ta isa ta tayar da alternatar ba, sai dai idan an taka totur inji ya yi ƙugi sosai, wani lokacin ma ko an taka ba za ta kama ba. Direba yana tafiya da fitilun gaba a kunne yana cin batir bai sani ba, har motar ta tsaya masa a inda babu gari.

Alternatar Toyota ta asali galibi tana samun wannan wuta ta wata waya daban da ke zuwa daga makulli, saboda haka mai yiwuwa motarka ba za ta yi wannan halin ba. Amma duk wanda ya san garajojinmu ya san cewa tsohuwar mota ba kasafai take riƙe da alternatar da ta fito da ita daga kamfani ba, ana ɗaura mata duk wadda ta samu kuma ta zauna. Shawarata ita ce ka bar ƙwan fitilar batir yadda yake, idan ya tsufa ka sa sabo irinsa mai wat daidai da nasa. Ƙwai ne da ba ya kamawa sai na ƴan daƙiƙu kafin tashin inji, babu ribar da za ka ci wajen sauya shi. Wanda ya nace sai LED, dole ne a haɗa masa rezistans, wato ƴar na'urar da ke ƙayyade yawan wutar da ke wucewa, a gefen ƙwan, mai kimanin om 82 da wat 5 a motar volt 12, domin ta ɗauki wutar da tsohon ƙwan yake ɗauka, kuma wannan rezistans tana zafi, ba a jingina ta da roba.

Fitilar ƙarewar mai ita ma a bar ta. A tsofaffin motocin Japan da yawa akwai wata ƴar na'ura a cikin tanki wadda mai yake sanyaya ta, idan man ya sauka ƙasa da ita sai wutar da ke bi ta cikin ƙwan ta ɗumama ta, ta buɗe hanya, fitila ta kama. Da LED lissafin yana rikicewa, fitilar takan zauna da ɗan haske ko da tanki a cike yake. Haka nan motocin da ke da fitila ɗaya tak a tabulo mai nuna sigina ta dama da ta hagu, a wasunsu wuta tana ratsa ƙwan ta nan idan an yi dama, ta can idan an yi hagu, LED kuwa hanya ɗaya yake bari wuta ta bi, sai a ga yana aiki a gefe guda kawai.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar da ƙarfin wutar motarka, domin wasu Land Cruiser masu gazuwal volt 24 ne, kuma LED na volt 12 ba zai daɗe a kansu ba. Batir biyu a gaban mota ba hujja ba ce, sai an duba yadda aka haɗa su ko an auna. Sannan ka cire tsohon ƙwai ɗaya ka tafi da shi kasuwa, ko a nan Tawa ko a kasuwar Katako idan ka shiga Yamai, domin gindinsu iri-iri ne. Akwai ƙanana da ake kira T5, akwai T10 da suka fi girma, dukansu cusa su ake yi, akwai kuma BA9s masu gindin ƙarfe da ake murɗawa. Ka lura da tsawo ma, saboda wasu LED sun fi tsohon ƙwan tsayi, sukan tokare abin da ke gabansu.

Inda mutane suka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen zaɓen irin hasken. Tsohon ƙwai yana watsa haske ko'ina a kewayensa, kuma a kan haka aka tsara cikin tabulo, da farin fenti da wata roba mai kai haske lungu-lungu. LED mai ido ɗaya a goshi gaba kawai yake harbawa kamar tocila, sai ka sami tabo mai ƙyalli a wuri ɗaya, sauran lambobin kuma cikin duhu, wato abin da ka gudu shi ka tarar. Ka nemi wanda yake da idanu a gefe-gefe ko mai hula fara mai bazawa. Game da launi, idan bayan fuskar agogunan akwai matatar haske kore ko ruwan lemo, ka sa LED mai wannan launi ko fari mai ɗumi, wanda ake rubuta wa 2700K zuwa 3000K, shi ne ya fi kusa da hasken asali. Farin nan mai 6000K da ya cika kasuwa yana fitowa da shuɗi-shuɗi, kuma a ganina yana gajiyar da ido a doguwar tafiya.

Wajen aikin, a fara da cire wayar negatif ta batir. A jawo tabulo a hankali, kuma idan agogon gudu mai kebul ne a kwance kebul ɗin daga baya kafin a ja. Takardar roba mai zanen jan ƙarfe da ke manne a bayan tabulo ita ce hanyar wuta, ta tsufa kuma tana yagewa da sauƙi, gyaranta kuwa ya fi sauya ƙwai wahala nesa ba kusa ba. Kada a taɓa allurai. A share ƙurar hunturu da ta taru a kan farin fenti da robar, domin sau da yawa rabin duhun daga nan yake. LED yana da fozitif da negatif, don haka a mayar da batir a gwada kowane ɗaya kafin a ɗaure sukurori, wanda bai kama ba a zare shi a juya shi a mayar. Daga ƙarshe a tayar da inji a auna kan batir: motar volt 12 ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, ta volt 24 kuma kusan 28.

Tambaya: Ni direban taksi ne a Yamai, Starlet nake ja. Na riga na sa LED, amma yanzu hasken yana kashe mini ido da dare, kuma ɗan maɓallin rage haske ya daina aiki. Ya lalace ne?
Mai karatu daga Yamai

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa maɓallin lafiyarsa lau. Tsohon maɓalli yana rage haske ne ta hanyar tare wa wuta hanya, kuma tasirinsa ya dogara da yawan wutar da ƙwayayen suke ja, to da yake LED kaɗan yake sha, sai ka murɗa har ƙarshe ba ka ga bambanci ba, ko kuma hasken ya ɗauke gaba ɗaya a lokaci guda. Kada ka raina wannan matsala, domin tabulo mai haske fiye da kima yana hana ido sabawa da duhu, yana kuma yin inuwa a gilashin gaba, a garin da masu babur da masu tafiya a ƙasa suke ratsa titi ba fitila. Hanya mafi sauƙi ita ce ka koma ga LED masu ƙarancin idanu, ko ka bar tsofaffin ƙwayaye ɗaya ko biyu a layin domin maɓallin ya sami abin kamawa, ko da yake launinsu ba zai zo ɗaya ba. Wadda ta fi inganci ita ce a sa ƴar na'urar rage hasken LED da ake kira PWM, wadda take kunnawa da kashewa da saurin da ido ba ya gani, a haɗa ta a madadin tsohon maɓallin.

Tambaya: Ina so in mayar da duk fitilun tabulona shuɗaye don ado. Akwai laifi?
Mai karatu daga Yamai

Amsa: Ga masu haska agoguna zaɓinka ne, amma ka sani cewa jar allura da jan layin da ke nuna inji ya yi zafi suna komawa baƙi-baƙi a ƙarƙashin shuɗin haske, ba a ganin su sosai. Fitilun gargaɗi kuwa kada ka taɓa launinsu, saboda ja na man inji da birki da batir ne, kore na sigina, shuɗi kuma na babbar fitila, kuma shuɗin LED a bayan jan gilashi kusan ba ya fitowa, sai fitilar man inji ta kama da rana ba ka gani ba.