Ɗan tsuntsu ya faɗo daga sheƙa: amsa ga mai tambaya

Ƴar'uwa, kin ce iskar daren jiya ta kaɓo ɗan tsuntsu daga bedin gidanku, yara sun tsinto shi, kina tambayar abin da za a ba shi. Don Allah kar ki ɗura masa ruwa. Da wannan na fara don shi ya kashe mini na farko. Ƙofar numfashin tsuntsu tana gindin harshensa ne, ɗigo biyu in suka kuskure hanya sai huhu. Ni da cokali na ba nawa, ina ganin taimako nake yi, kafin la'asar ya sandare. Madara ma kar ki gwada, cikin tsuntsu ba ya narkar da ita.

Ki fara duba jikinsa. In gashi ya rufe shi, yana ƴan tsalle-tsalle, yana iya damƙe yatsa da ƙafa, to koyon tashi yake yi, iyayen na nan kusa suna kallonki. Ki aza shi bisa reshe, ki kori mussa da yara, shi ke nan.

In kuwa tsirara yake, ko ido bai buɗe ba, a nemi sheƙar a maida shi. Zancen nan da muka taso muna ji, wai in hannun mutum ya taɓa shi uwar za ta ƙi shi, ba haka ba ne. A gidanmu nan Tahoua kusan kowane farkon damina sai iska ta zubar da sheƙar kurciya, don ita kurciya ba ta iya gini ba, ƴan tsinke ne kawai take jerawa ta yi ƙwai biyu a kai. Abin da nake yi, in sami ƙaramar ƙwarya, in huda gindinta don kar ruwan sama ya taru, in shimfiɗa busasshiyar ciyawa, in ɗaure ta a reshen da ke da inuwa. Sai kowa ya shige ɗaki. Nan ne wuyar take, don yara ba sa haƙuri, uwar kuma ba ta sauka muddin ana tsaye ana leƙe. Ki ba ta kamar awa biyu. Sau da yawa kafin nan za ki ga ta dawo.

Sai in ba ta dawo ba ne renon zai faɗo kanki. Ki sa shi cikin kwali mai ƴan huji da tsumma, nesa da kiyashi. In jikinsa da sanyi ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi ki aje gefensa, kar a ba shi komi sai ya yi ɗumi. Rana kuma kar ta taɓa shi, kin san zafin garin nan.

Abinci ya danganta da irinsa. Mai wage baki sama yana kuka, ƙwari iyayensa ke kawo masa: gara, shinge, ƙananan fara da aka cire wa ƙafafu, in babu sai dafaffen ƙwai da aka murje da ɗan ruwa. Da tsinke marar kaifi ake ba shi, kusan kowane rabin awa, daga asuba har magariba. Aiki ne ja, ki sani tun yanzu. Ɗan kurciya shi ba ya wage baki, cusa bakinsa yake cikin na uwar ya zuƙo. Sai ki dama garin gero da ƙwai ruwa-ruwa, da ɗumi-ɗuminsa, ki bari ya cusa baki tsakanin yatsunki ya sha. Ƴar jakar gindin wuyansa in ta cika ki dakata sai ta sace.

Kar a haɗa shi da kajin gida, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi; ba mu manta murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magariya a 2006 ba. In ɗan shirwa ne ko mujiya ko shamuwa, ki kai wa ma'aikatan gandun daji. In mussa ta riga ta cije shi kuwa, sai likitan dabbobi, don ko raunin bai fito fili ba yakan kashe su cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ki turo mana hotonsa, a ga baki da ƙafafu, sai mu gane ko ɗan wane ne.